Kafinta da Jan da Bai Taɓa Gani Ba

Kafinta ya kai shekara arba'in da biyar a duniya bai taɓa kallon kaza sau biyu ba, sai in ta zo masa a kwano. Aikinsa ƙofa, gado, teburin makaranta, da kujerun da akan kawo masa da ƙafa uku a ce ya nemo ta huɗun. Shagonsa a jikin gidansa yake, ƙofa ɗaya ta fita titi, ɗaya ta shiga tsakar gida. Garin katako ba ya rabuwa da ɗakin matarsa, ita kuma ba ta rabuwa da tsintsiya da mita.

Wata rana wani tsohon malamin makaranta ya zo da zane a takarda. Akwati yake so, tsayinsa ya fi mutum, faɗinsa bai kai ƙafa biyu ba, da sanda a gicciye can sama da 'yar taga.

"Malam, wa za a tsayar a ciki?" in ji Kafinta.

"Zakara."

Kafinta ya yi dariya har fensirin da ke kunnensa ya faɗi. Ya yi akwatin dai, ya ɗora a amalanke ya kai da kansa, don ya ga zakaran da aka yi wa gidan sama ya samu labarin da zai ba abokai. Da tsohon ya fito da zakaran, dariyar ta maƙale. Jelarsa ta sauko daga hannun tsohon har ƙasa, ta kwanta, ta yi saura. Kafinta ya zaro tef daga aljihu ya auna, don shi abin da bai auna ba bai yarda da shi ba. Ƙafa shida da inci huɗu. Ya sake aunawa. Ya koma gida da ƙwai shida a cikin hularsa, kansa a buɗe, yana tafiya a hankali kamar mai ciwon baya.

Huɗu suka ƙyanƙyashe a ƙarƙashin kazar maƙwabta. Daga nan gidan bai sake zama yadda yake ba. Katakon da ya ajiye don yi wa matarsa kabad ya zama akwatin zakara. Ya koyi cewa jela ba ta son ƙasa, ba ta son laima, ba ta son wani zakara kusa. Ya koyi wanke ta da ruwan ɗumi, ya tsane da tsumma mai laushi, ya raba gashin ɗaya bayan ɗaya da yatsun da suka saba da zarto. Kullum da hantsi yakan fito da zakaran ya miƙe ƙafa: zakara a gaba yana taƙama, magidanci mai 'ya'ya biyar a baya, a sunkuye, riƙe da jela kada ta taɓa ƙasa. Mai walda na gefensa, abokin wasansa tun ƙuruciya, shi ya raɗa masa suna Mai Riƙon Jela.

"Allah ya taimaki yallaɓai da yaronsa!" Haka yake ɗaga murya duk safiya, kuma zakaran yake gaisarwa.

Tsawon jela, Kafinta ya gane, rabi ne kawai na sana'ar. Sauran rabin launi ne. Masu kiwon irin waɗannan kaji suna son wuya da gadon baya ja mai zurfi, jela kuma baƙa wuluk mai walƙiyar kore in rana ta doke ta. Tsohon malamin ya yi masa wannan bayani sau ɗaya kafin ya koma wurin ɗansa da zama. Kafinta ya haddace kalmomin tsaf, ya riƙa maimaita su kamar shi ya ƙirƙiro su.

Duk shekara in samarin zakaru suka yi gashi, sai ya fito da su tsakar gida ya jera, ya zagaya su hannu a baya, ya ƙanƙance ido, ya yi gyaran murya. Wanda ya zaɓa don iri sai ya ɗaura masa farin zare a ƙafa. Sauran a sayar ko a yanka. Matarsa tana gefe tana wanke-wanke.

"Maman yara, ke ba za ki gane ba," yakan ce. "Wannan aikin ido ne. Ba kowa Allah ya ba ba."

"Haka ne, Malam," in ji ta.

Kuma abin ya yi kyau. Shekara goma sha ɗaya, kajinsa suka yi suna. A ƙungiyar masu kiwon kajin ado, wadda ke haɗuwa ƙarshen wata a filin wata makaranta, har akwai abin da ake kira jan Kafinta. Mutane na zuwa da zakarunsu ya duba musu. Yakan juya zakara a rana, ya taɓe baki, ya ce, "Jan nan bai nuna ba." Mai shi ya tafi jiki a sanyaye. Sau biyu aka ba shi ya yi jawabi a kan launi, sau biyun sai da aka karɓe abin maganar daga hannunsa.

Abin da ya kai shi asibitin ido ba shi da alaƙa da kaji. Lambobin tef ne suka fara gudu daga gabansa, har ya yanke ƙofar wani gida ta gaza da inci biyu. Likitar, yarinya ce sa'ar 'yarsa ta biyu, ta gwada masa gilasai har aka dace. Yana shirin tashi ta buɗe wani littafi mai cike da ɗige-ɗige.

"Baba, wace lamba ka gani a nan?"

"Goma sha biyu."

Ta buɗe gaba. "Nan fa?"

"Nan ai babu komai, 'yata. Tsakin kaji ne aka watsa."

Ta buɗe wani, ta buɗe wani. Tsaki, tsaki, tsaki. Ta ajiye littafin, ta tambaye shi ko an taɓa gaya masa cewa idonsa ba ya raba ja da kore sosai. Ta ce ba ciwo ba ne, haka aka haife shi, maza da yawa haka suke, kuma ba magani.

"Ni?" in ji Kafinta. "'Yata, kin san da wa kike magana kuwa?"

Ya zaro waya ya nuna mata hoton babban zakaransa. Ta ce kai, masha Allah, jan wuyan nan kamar garwashi, ga jelar tana ɗaukar ido da kore. Ta tambaya wa yake zaɓa masa irin.

Wannan tambaya ita ta raka shi gida. A hanya ya tsaya gaban mai sayar da tumatir da tattasai ya daɗe yana kallo, har mutumin ya tambaye shi ko na nawa za a zuba. Ya san tumatir ja ne, kowa ya sani. Amma da ya tambayi kansa tsakani da Allah, bambancin nunanne da ɗanye a wurinsa bai wuce wannan ya fi duhu, wancan ya fi haske ba. To in haka ne, wa ya yi jan Kafinta?

Bai gaya wa kowa ba. Lokacin zaɓe ya kusa, ya jira. Ranar ya jera samarin zakaru bakwai, ya zagaya, ya yi gyaran muryar da ya saba, ya ɗaura wa ɗaya farin zare. Wannan karon sai ya ɗan ɗiga fenti a ƙarƙashin farcen zakaran, inda ba mai lura. Washegari da safe ya ce zai je sayen ƙusa, ya fita ta ƙofar titi, ya zagayo ya shiga shago, ya tsuguna bayan tulin katako yana leƙe ta tsagar ƙofa. Mutum mai furfura, da sabon gilashi, yana yi wa matarsa ta shekara talatin kwanton ɓauna a kan zakara.

Bai daɗe ba ta fito. Ta ajiye tsintsiya, ta kama mai zaren, ta kai shi rana, ta girgiza kai. Ta kwance zaren da haƙori. Ta kama wani, ta buɗe fiffikensa, ta shafa wuyansa, ta juya jelar a haske, ta ɗaura masa. Duk abin bai ɗauki minti uku ba, hannunta ya saba.

Ya so ya fito da fushi, amma ƙafarsa ta yi sanyi da tsuguno, sai ya fito yana ɗingishi, garin katako har gira.

"Tun yaushe?" ya ce.

Ba ta ko firgita ba. "Tun shekara ta biyu. Ta farkon na bar ka, ka ga abin da aka ƙyanƙyashe."

"Na ce abincin ne bai karɓe su ba."

"Haka ka ce."

"To me ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya maka, Malam. Watanmu uku da aure ka shafa wa ƙofar ɗakina fenti ka ce kore ne. Na ce wannan ruwan ƙasa ne. Kwana uku ba ka ci abincina ba. Na ce to, Allah ya ba mu zaman lafiya, kore ne."

Ya waiwaya ya dubi ƙofar. Sau huɗu yana sabunta mata fenti tun daga lokacin.

"Har yanzu...?"

"Har yanzu."

Ya zauna a kan bokitin da aka kife. Ya tambaye ta yadda bai taɓa gane an sauya masa zakara ba. Ta ce ai tana zaɓar wanda ya yi kusa da nasa a jiki da tsawon jela, don a nan ba ta taɓa kama shi da kuskure ba. Ta ce hannunsa ya san gashi mai ƙarfi da wanda zai karye, ita ba ta sani ba. Yana jin wannan ya ɗan miƙe zaune. Sai ta ƙara da cewa wanda ya zaɓa jiya wuyansa kamar tsohuwar tabarma yake, Kafinta ya koma ya lanƙwashe.

Kwana biyu yana tunanin rufa wa kansa asiri. Wa zai sani? Sai ya tuna da mutanen da ya sa suka yanka zakarunsu da kalmar "bai nuna ba", ciki har da wani direban tasi da ya yi tafiyar awa biyu ya kawo masa nasa. Ƙarshen wata ya je taron ƙungiya ya nemi a ba shi abin magana. Aka ba shi da ɗari-ɗari.

"Jama'a," ya ce, "kun ji ana cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. To ni ne kazar. Shekara goma sha ɗaya ina koya muku ja, ashe ko a hanya muka haɗu da shi ba zan gane shi ba."

Ya ba su labarin tun daga littafin likita har tsugunon bayan katako, bai rage komai ba. Aka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Direban tasi bai yi dariya ba. Ya tashi ya ce zakaran nan da aka sa shi ya yanka, shi ne mafi kyau da ya taɓa samu. Kafinta ya ce gaskiya ne, mai yiwuwa ma ya fi nasa, ya roƙe shi gafara a gaban kowa, ya ce ya zo gida ya ɗauki wanda yake so. "Amma kada ka tambaye ni wanne. Akwai mai ido a gidan."

Direban ya zo. Maman yara ta zaɓa masa, ya tafi yana godiya. Bayansa wasu suka biyo, kowa da zakara a hammata. Su yi sallama a shago, su gaisa da Kafinta a gurguje, su ce ko Mama tana ciki. Shi ke shiga ya yi musu iso. Mai walda ya ce an yi masa ƙarin girma, daga yaron zakara ya zama ɗan aiken matarsa.

Yanzu aikin a rabe yake. Shi ke duba ƙashi, tsayuwa da ƙarfin gashi, shi ke auna jela ya rubuta a bangon shago. Ita ke da launi, kuma ba ta jawabi, sai dai ta ce wannan, ko ba wannan ba. Kajin sun fi da kyau, haka ake gaya masa.

Bana aka ƙyanƙyashe wani da ita ta ce a yanka tun yana ɗan wata biyar. Ta ce launinsa ba ja ba, ba ruwan ƙasa ba, kamar an wanke tukunya an zuba masa ruwan. Kafinta ya ɗaga shi a rana ya juya. A idonsa bai taɓa ganin zakara mai kyan wannan ba.

"Wannan nawa ne," ya ce.

"Ba dai zai hau kajina ba."

"Ba zai hau ba."

Ya yi masa akwati a cikin shago, kusa da teburin aiki, nesa da sauran. Masu zuwa ganin kaji sukan leƙa, su tambayi ko ba shi da lafiya ne. Kafinta ya ce lafiyarsa ƙalau, su wuce ciki, masu kyan suna can. Jelarsa ta kai ƙafa huɗu a makon jiya, kuma ko gashi ɗaya bai karye ba.