Wa Ya Sassaƙa?

Shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran aminina Yakubu Ɗan Yauri, kuma har yau ban samu abokin musu irinsa ba. Wasu kan yi kewar mamaci don kyautarsa, wasu don haƙurinsa. Yakubu yana da duka biyun daidai gwargwado, amma ni gardamarsa nake kewa. Bana kewar ta fi ta kullum nauyi, domin an ɗora mini in yi magana da bakinsa a kan 'yarsa, aka kuma ce duk abin da na faɗa shi za a yi.

A nan Guangzhou ta ƙasar Sin muka haɗu, tun gemunmu bai san furfura ba. Ni Bakano ne, kayan sawa nake saye a kasuwar Shisanhang ina aikawa gida. Shi kuma lodi ne sana'arsa: ya tattara kayanmu, ya cika kwantena, ya bi ta har tashar jiragen ruwa ta Nansha, ba ya juyowa sai hankalinsa ya kwanta. Asalinsa ɗan masassaƙin kwale-kwale ne. A cikin ƙarar gizago ya taso, kuma daga can ya taho da wata tambaya da ba ta barin bakinsa: "Wa ya sassaƙa?" Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin da ba ta san wanda ya sassaƙa shi ba. Shi kuwa sai ya faɗaɗa abin. Ka nuna masa takalmi, wa ya sassaƙa? Ka kawo masa labari da ɗuminsa, wa ya sassaƙa? Ko saurayi ne ya zo neman 'yar wani a cikinmu, tambayar ke nan. Idan kuma abin mai jiki ne, sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ya kara kunne, kamar mai sayen kankana.

A yawan zuwansa Nansha ne ya gano wani gefe da ake ɗaure jiragen tsere, irin waɗanda iska ke turawa da wani ƙaton ƙyalle da ake ɗagawa sama. Yakubu ya raɗa wa ƙyallen suna malum-malum. Ba ƙananan da ke zagaya bakin gaɓa ne suka ɗauke masa hankali ba, manyan ne, masu shiga tsakiyar teku su yi kwana da kwanaki ba su ga ƙasa ba. Mutumin da bai san sunan ɗan ƙwallo ko ɗaya ba, sai ga shi yana bin tseren jirage a waya, yana nuna mini wasu ɗigo-ɗigo a kan taswira yana cewa wannan matuƙin ya karanta iska, wancan kuwa kwaɗayi zai kai shi ya baro. Ni da ko kududdufi ba na shiga, haka ya dinga jana Nansha ranar da babu lodi, har na wayi gari ina da ra'ayi a kan abin da ban taɓa hawa ba.

Lokacin masu wannan wasa suna ta kai ruwa rana a kan batutuwa biyu, mu ma muka yi ruwa muka yi tsaki a ciki. Na farko shi ne ko a bar kowace ƙungiya ta ƙera jirginta yadda ta ga dama, ko a ƙera jirage iri ɗaya sak a masana'anta ɗaya a raba wa kowa. Ni ina bayan iri ɗaya, kuma har gobe ban janye ba. Idan aka bar kowa ya ƙera nasa, mai hannu da shuni ya ci tun ba a jiƙa jirgi ba. Ga kuma masu ƙira da ke ta fefe jikin jirgi don ya yi sauri, har ya zo ya tsage a inda babu mai ceto. A ba kowa abu ɗaya, a ga wanda ya iya. Mene ne abin musu a nan?

Yakubu ya ce akwai, kuma da yawa. Da farko dariya ya yi mini, ya ce duk shekarun da na yi a kasuwar Sin ban koyi komai ba. Duk wanda ya taɓa ba da oda a garin nan ya san kalmar nan "iyang", wato iri ɗaya. Ka riƙe sampul a hannun dama, kayan da aka kawo a hagu, kana ganin bambanci ƙiri-ƙiri, lawban, wato mai shago, yana murmushi yana ce maka "iyang, iyang". Yakubu ya ce ranar da masana'anta ta fitar da abu biyu da suke iyang na gaskiya, zai daina lodi ya koma kamun kifi. Amma ba wannan ne ainihin abin da ke cin ransa ba. Jirgi iri ɗaya, a ganinsa, jirgi ne da ba shi da uba. A Yauri ana hango kwale-kwale daga nesa a ce wannan hannun wane ne, idan ya yi gudu a yabi masassaƙi, idan ya sha ruwa a san ƙofar da za a je. Ya ce duk ranar da aka hana masu ƙira gwada basirarsu, an kashe rabin wasan, rabin da mahaifinsa ya ci abinci da shi. Idan ya kawo nan muryarsa kan canza, ni kuma sai in sassauta.

A batu na biyu sai muka yi musayar wuri. Ana ta muhawara a kan shigar mata wannan tsere, wasu na cewa igiyoyin sun fi ƙarfinsu, wasu na cewa ba a taɓa ba su dama ba ne. Ni ban ce ba za su iya ba. Na ga matan da ke jan dilar kaya a unguwar Guangyuan, ban isa in faɗi haka ba. Abin da ya tsaya mini shi ne a cusa maza da mata a cikin jirgi ɗaya mai faɗin shago har tsawon kwanaki, sai kuma haɗarin. Yakubu kuwa gani yake duk zancen ɓata baki ne. Mahaifiyarsa da goyo a bayanta take tuƙa kwale-kwale ta haye kogi ranar kasuwa, ruwa ya cika ya batse, ba wanda ya taɓa kiran taro a kai. Abu ɗaya ya ɓata masa rai, wato dabarar da wasu masu shirya tsere suka fito da ita, cewa ƙungiyar da ta ɗauki mata za a bar ta ta ƙara yawan mutanenta. Ya ce, "Ka ji fa! Sun mai da mace gyara. Ka sayi mudu bakwai na maza a ɗora maka biyu a kai. Innata ba gyara ba ce, ita ce mudun." Na ce masa da gyaran ake jawo mai saye, gobe ya dawo da kansa. Muka rabu a kan haka, kowa na ganin ɗan'uwansa bai fahimta ba.

Ba mu ƙare musun ba. Ciwo ya kama shi, ya ce a kai shi gida, can ya cika, aka binne shi ba nisa da kogin. Ya bar matarsa Hajiya Balaraba, wadda har yanzu take riƙe da shagon abaya a nan, da 'yarsu ɗaya. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bai taɓa kiran sunan ba, Ummi yake ce mata, mu ma muka bi. Tun tana ƙarama ita ce ta uku a tafiyarmu Nansha. Da ta shiga jami'a a garin nan sai ta faɗa ƙungiyar masu tuƙin jirgi, muna ɗauka wasa ne na 'yan makaranta.

Ashe ba wasa ba ne. Bana aka zaɓe ta a cikin wata ƙungiya ta mata zalla, za su shiga tsere na tsakiyar teku tare da ƙungiyoyin maza, kowa a jirgi iri ɗaya. Dangin uwa a Kano suka ce sam. Dangin uba a Yauri suka ce ruwan kogi daban, na teku daban. Ummi ba ta yi rigima ba, ta dai daina cin abinci sosai. Hajiya Balaraba ta kira ni shago, ta sallami masu ciniki, ta ce, "Alhaji, ni na rasa ta cewa. In na hana ta, ina tsoron na hana abin da ubanta zai so. In na bar ta, ita kaɗai gare ni. Kai ka fi kowa sanin bakinsa. Ka faɗa mini abin da zai ce, ni da ita mun yarda."

Na fita daga shagon ina juya maganar. Sanin bakin mutum a musun shan shayi abu ne mai sauƙi. Amma Yakubun da ke yabon matan wasu a waya, shi ne zai tura tasa tilo cikin teku? Ban sani ba. Na san iyaye da yawa masu faɗin ra'ayi a kan 'ya'yan maƙwabta.

Kuma da na zauna na duba yadda abin ya kasance a yau, sai na ga kowannenmu rabi ya riƙe. Matan da yake goyon baya, ta ƙofar jirgin da ya ƙi suka shigo. Da a ce kowa zai ƙera nasa, wa zai ƙera wa su Ummi? Kuma idan suka riga maza isa, ba mai cewa jirginsu ne ya fi. Ni kuma jirgin da nake so ne ya kawo mini abin da nake ɗari-ɗari da shi har cikin gida. Damuwata ta cakuɗuwa ta kau tunda mata ne zalla. Ta haɗari tana nan daram. Da Yakubu na raye, na tabbata da ya yi murna da baki ɗaya ya yi tsaki da ɗayan, sannan ya ce duk laifina ne.

Na ce wa Ummi ta kai ni in ga jirgin. Muka je da hantsi. Ga su nan a jere, farare, tsayi ɗaya, malum-malum ɗaya, in ba lambar da ke jiki ba ba ka bambance su. Ta ce ƙuri'a ake jefawa, wanda ya faɗo maka shi ne naka. Na tambaye ta salla, ta yi dariya ta ce, "Baffa, a duk jirgin nan ba wanda ya kai ni sanin alƙibla, lura da hanya ne aikina." Na tambaye ta abin da ake yi idan mutum ya faɗa ruwa, ta nuna mini igiyar da kowa ke ɗaure kansa da ita, ta faɗa mini gaskiya ba ta rage ba, har da abin da ban so ji ba. Daga nan na yi tambayar da na zo da ita.

"Ummi, wa ya sassaƙa?"

Ta san tambayar wane ne. Ta ce, "Masana'anta ce, Baffa. Ba sunan kowa."

To, magana ta ƙare ke nan, ba za ta je ba, na faɗa a raina. Kakarta ba ta hawa jirgin da ba shi da mai shi, ubanta ya kira irin wannan marar uba. Ga amsa na samu daga bakinsa, ba daga nawa ba, kuma amsar da za ta bar kowa ya yi barci. Na dubi jeren jiragen na ce, don in rage nauyin maganar, "Iyang, iyang."

Ta ce, "A'a, Baffa." Ta durƙusa a bakin dakalin, ta ƙwanƙwasa jikin nasu da bayan yatsa, ta kara kunne. Ta matsa ta yi wa na kusa da shi haka. Ta ce nasu yana da taurin kai idan iska ta zo ta dama, sai an lallaɓa shi, amma idan ruwa ya tashi ya fi sauran natsuwa. Ta ce ta faɗa wa shugabarsu tun ranar farko, ba ta yarda ba sai da suka fita. Tana maganar ne ba ta ko kallona, kanta a karkace, ido a lumshe. Ni dai ban ji bambancin komai ba a ƙarar. Abin da na gani shi ne yatsan, da karkata kan, da yadda ta ɗan ciji leɓe tana saurare. Shekara bakwai rabona da ganin wannan. Na juya na fuskanci teku, na daɗe ina gyara hulata.

Washegari na koma shagon Hajiya Balaraba. Na ce mata ba zan yi wa mamaci ƙarya ba: Yakubu ba zai so jirgin nan ba, zai kushe shi tun daga Nansha har gida. Kuma zai ji tsoro kamar yadda take ji, kamar yadda nake ji. Amma shi bai taɓa yanke hukunci da so ko tsoro ba, tambaya ɗaya yake yi, kuma na yi ta. Na ce, "Hajiya, jirgin ban san wanda ya sassaƙa shi ba. Amma na san wanda ya sassaƙa matuƙiyar." Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce in gaya wa Ummi ta zo ta ci abinci.

Ban sani ba ko na faɗi daidai. Wanda zai gyara mini yana kwance a Yauri. Kwantenonin da ya loda sun tsufa, ofishinsa wani ke ciki, musunmu ma duniya ta wuce shi ba ta tambaye mu ba. Abin da ya rage nasa shi ne tambayar nan, da yatsan da ke ƙwanƙwasa abu kafin a amince da shi, kuma su biyun za su shiga teku wata mai zuwa. Na sa an saka mini taswirar a waya, irin wadda yake nuna mini. A cikin ɗigo-ɗigon nan masu kama ɗaya, akwai guda da zan bi da ido da addu'a har ya taɓa ƙasa. Allah Ya jiƙan Yakubu, Ya haskaka kabarinsa, Ya dawo mana da Umminsa lafiya.