Igiyar Kaba da Gugan Babana

Wata ranar kasuwar Shagari, cikin bazarar da haƙorana na gaba suka zube, Nasara na kan mulki, Kaka ta ƙulle mini 'yan kwabbai a tsumma ta ce, "Maigidana, igiyar rama za ka sawo wurin tsohon nan mai jan gemu. Kak ka kawo min ta kaba, ka jiya?" Na ce na ji, na kama hanya ina taku kamar wanda aka aika sayen doki.

Mu biyu ne a gidanmu na Horo Birni, sai wata akuya da ta fi mu surutu. Mahaifiyata ta rasu ina goye, babana kuwa ya tafi cin rani kudu bai dawo ba, ba kuma wanda ya zo da labarinsa. Abin da ya bar mana guga ne na fatar bijimi, ɗinkin hannunsa. Kullum da hantsi ni da shi muke zuwa rijiya, rijiyar da in ka saki guga sai ka je gida ka sha fura ka dawo kafin ya taɓa ruwa. Sauran yara suna can suna langa da 'yan'uwansu, ni kuwa gugan nan nake ba labari, ina shafa ɗinkin ina cewa nan yatsan babana ya bi.

A kasuwa tsohon ya faɗi kuɗin igiyarsa, sai na ga duk abin da ke tsumman zai tafi. Gefensa ga wani saurayi da igiyar kaba, fara sol, tsawonta ya isa a ɗaure Shagari da Bodinga, kuɗinta rabi. Can baya kuma ana tuyar ƙosai. Na sayi ta kaba, na cinye ragowar kuɗin a ƙosai a tsaye, na birkiɗa igiyar cikin ƙasa don ta yi duhu. Kaka ta murza ta sau ɗaya ta ce, "Wagga rama taka ƙamshin ƙosai takai." Ba ta buge ni ba. Ba wasu kuɗin a gidan, dole da igiyar kabar muka ɗaura gugan.

Ta yi mako guda tana goga a itacen bakin rijiya. Ranar da ta tsinke guga cike yake, ina ja, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Manya suka zura ƙugiya har la'asar, suka fito da gugunan rabin garin, har na kakannin kakanni, ban da namu. Kaka ta kama hannuna ta ce, "Tashi mu tai, maigida. Ya bi mai shi." Daga ranar sai na riƙa tsayawa a gefe da tulu, in kowa ya gama in roƙi aron guga.

Yau famfo ake bugawa a cika jarka, an rufe rijiyar. 'Ya'yana kan yi mini dariya, wai ko allura zan saya sai na nemi wadda ta fi tsada, ni ma in taya su. Amma in na je Horo Birni nakan tsaya bakin rijiyar nan ni kaɗai. Ƙosan dai bai kai ni gida ba ya narke, gugan kuwa yana can ƙasa har yau.