Baban Amira, kifin roba da fasfon da aka riƙe

Yau shekara huɗu ke nan da aka binne mijina a Kuala Lumpur, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Kowa ce mini yake in yi haƙuri. Hukuncin Allah na karɓa hannu biyu. Abin da mutum ya yi mana da gangan ne na kasa haɗiyewa.

Baban Amira Bakano ne, bai taɓa ganin teku ba sai da muka zo ƙasar nan. Yadi yake saye a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman yana aika wa 'yan kasuwar gida. Wani tsoho maƙwabcinmu a unguwar Setapak ne ya kai shi bakin teku sau ɗaya, shi ke nan ya kamu. Duk Asabar da an idar da sallar asuba sai mu kama hanyar Port Dickson, wani gari a bakin teku. Ba ya shiga jirgin ruwa, ba ya sa tana. Daga gaɓa yake jefa fatsa, da ɗan kifin roba mai ƙugiyoyi a ƙarƙashinsa.

Shi ya koya mini. Ranar farko ina ta naɗe zaren da sauri, ya yi dariya ya ce, "Maman Amira, wa ya biyo ki? Bi a sannu mana. Ja kaɗan, ki dakata, ki ɗan girgiza sandar. Ki sa shi ya yi kamar kifin da ya ji ciwo, shi manyan suke kai wa hari."

Daga wurinsa na san cewa lokacin da ruwa ke cikowa ake zuwa, a jefa kusa da duwatsu inda ƙananan kifaye ke tsalle. In ruwan ya yi dagwalo, a ɗaura kifin roba mai launi mai haske. In an yi jifa goma ba motsi, a matsa gaba. In mun dawo kuwa, ko ruwa bai sha ba sai ya wanke ƙugiyoyin nan a famfo ɗaya bayan ɗaya, don kada gishiri ya cinye su.

Sai annobar korona ta zo, aka kulle gari. A lokacin fasfonsa yana hannun wani ɗan uwanmu Bahaushe, mai yi wa mutane hidimar sabunta biza. Mutumin da ya sha cin tuwo a falonmu. Wata da watanni yana cewa takardu suna ofis.

Da zazzaɓi ya kama Baban Amira, tari ya biyo baya, na ce mu tafi asibiti. Ya ƙi. Tsoro yake ji a same shi ba takarda a tsare shi, ni da yarinya mu rasa mai duba mu. Na kira mutumin nan ina kuka.

"Hajiya, kwantar da hankalinki, gobe in sha Allahu zan kawo."

Gobe ta yi, ya daina ɗaukar wayata. Kwana takwas muka yi a haka.

Shi ma marigayin ina fushi da shi, kuma na gaya masa yana raye. Na ce, "Kai da ba ka barin tsatsa ta kwana a ƙugiya, ƙirjinka ne za ka bari?" Da ƙyar yake jan numfashi. Ranar da maƙwabta suka taya ni ɗaukarsa zuwa asibiti, ba wanda ya tsaya neman fasfo kafin a sa masa iska. Amma an makara. Kwana huɗu ya ƙara. Ban ga fuskarsa ba, waɗansu mutane cikin fararen rigunan kariya ne suka yi masa sutura.

Ina cikin takaba na ji 'yan uwanmu suna yaɗawa a waya wai satar hanya ya yi ya tafi kamun kifi, can ya kwaso cutar. Ƙarya ne. Sandunansa suna bayan ƙofa tun ranar da aka kulle gari. Bayan sadakar arba'in wani mai babur ya kawo mini fasfon a ambulan. Na buɗe shafi shafi. Ba sabon hatimi, ba alamar an taɓa kai shi ko'ina.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi faɗa da samarin da ke barin zare da leda a kan duwatsu bayan sun gama ɗaukar hoto. Na kuma san zai yafe wa mutumin nan, don halinsa ke nan, ba ya riƙe mutum.

Hannunsa na gada, ina jifa har inda yake kaiwa, kuma Amira ta fara koya. Zuciyar tasa ce ban gada ba. Watan jiya a wajen wani suna a unguwar Taman Melati mutumin ya tare ni a gaban jama'a, ya langaɓe kai ya ce, "Allah ya jiƙan Baban Amira." Na ce amin. Sannan na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Alhaji, wace rana ka kai fasfonsa ofis?" Ya dubi ƙasa. Na tsaya ina jiransa har shinkafar da ke hannuna ta huce.