Layin da Yaya Ta Keɓe wa Mijinta

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Ni ba mai ilimi ba ne, daga firamare na tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abu a kan wani kamfani ya kasance ba haka yake ba, in ɗauki alhakin mutane a banza. Ga kuma tsoron da duk wanda ya zauna a Maiduguri a shekarun nan ya sani, wato ba ka san hannun da magana za ta faɗa ba. Shi ya sa ba zan ambaci sunan kowa ba, mutum ne ko kamfani. Abin da ya rinjaye ni shi ne yayata ta fara manyanta, kuma duk ƙofar da na sani na ƙwanƙwasa ta.

Sana'ata cajin waya da sayar da kati. Rumfa ce ta katako a bakin hanya a Gwange, da ɗan janareto a bayanta. Mijin yayata kuwa direba ne, yana ɗauko busasshen kifi daga wajen tafki. Waya ba ta daɗewa a hannunsa. Wata ta faɗa ruwa, wata ya manta da ita a teburin mai shayi, wata ya zauna a kanta. Saboda haka bai taɓa damuwa da adana lambobi ba. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, ta matarsa, duk inda ya sauka sai ya ari wayar wani ya kira ta. In ya tsaya a rumfata ba ya rasa abin tsokana. Yakan ce: "Mai caji, kana cika wayoyin mutane da wuta, kai kuma kana cika cikinka da tsoro." Na sha ce masa ya haddace tawa ma, don ba a san abin da Allah zai yi ba. Sai ya ce kansa ɗaki ɗaya ne, kuma matarsa ta riga ta shiga.

Ya fita ne a lokacin da ake ƙona ƙarafunan sabis, daf da a yanke layukan waya gaba ɗaya a garin. Bai dawo ba, motar ma ba a gan ta ba. Wasu suka ce mutanen daji ne suka tare hanya, wasu suka ce an haɗa da shi a wani kame. Ba wanda ya ce ya ga gawa. Muka shafe tsawon lokacin nan da waya ta zama tocila kawai, Yaya tana cewa ai yana can yana neman ta, layi ne babu.

Da sabis ya dawo, sai garin ya cika da kamfanoni kamar ranar kasuwa. Da farko tsohon kamfanin da Yaya take kai shi kaɗai ne yake kamawa a unguwarmu, kuma datarsa ta yi tsada ƙwarai. Masu sani suka ce kuɗin man janareto ne da na masu gadin ƙarfe. Ban sani ba. Daga baya sauran suka gyara nasu ƙarafunan suka shigo da ƙarfinsu. Sai ka ga an kafa lema a bakin titi, an kunna lasifika, ana raba sim kyauta. Wannan ya ce in ka sayi data zai ninka maka, wancan ya ce zai ninka ya ƙara da na kira. Kafin ka gama gane tsarin ɗaya, ɗayan ya sauke farashi. Wani tela da yake caji a wurina ya ce shi ba shi da kamfani, duk wanda ya fi ba da gyara shi ne ubangidansa, kamar yadda ake yi da mai gyaɗa. Mutane suka riƙa tara sim a bayan batir, wannan na kira, wancan na intanet. Sai kuma aka fara jin cewa a shingen bincike mai sim da yawa yana shan tambaya, sai aka koma zubar da su a kwata, a bar wanda ya fi araha a makon. Ni kaina na tsinci sim a ƙasan rumfata ba adadi, kullum ina tsoron a zo a same su a ce nawa ne. Nakan tattara in ƙona.

Data ta zama mana abinci a lokacin. A intanet ake saka hotunan mutanen da aka kuɓutar daga daji, da waɗanda aka saki daga tsare, da waɗanda suka iso sansani ba su da kowa. Hoto yana cin data, bidiyo ya fi. Yaya ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi babbar waya, muka sa mata sim na kamfanin da ya fi sauƙi. Bayan la'asar takan zo rumfata ta zauna a benci, ta buɗe hoto da yatsu biyu, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Mutanen duk sun rame sun yi kama da juna. Takan nuna mini wani ta ce, "Auta, dubi kunnen nan." In duba in ce ba shi ba ne. Wani lokaci data ta ƙare bidiyo yana tsakiya, ana cikin bin layin mutane da kyamara.

Tsohon layinta kuwa, wanda mijinta ya haddace, ta bar shi a ƙaramar wayarta mai tocila. Ta ɗinka mata jaka ta rataya a wuya, a ƙarƙashin mayafi. Ta bi dangi da maƙwabta gida gida ta ba su sabuwar lambar, ta roƙe su da girman Allah kada wanda ya ƙara kiran ta a tsohuwar. Dalilinta shi ne mijinta aron waya yake yi. Wanda yake tsare, ko yake gudu, in ya samu waya na ɗan lokaci ya kira ya tarar ana magana, ba lallai ya sake samun dama ba. Ita ma ba ta kira da layin, ba ta sa masa kati, don tsada ce kuma ba ta son ta kama shi ko na minti ɗaya. Wata ƙanwar mahaifinmu ta manta ta kira shi sau ɗaya. Yaya ta ɗauka, da ta ji muryar tsohuwa ta kashe, kuma sun daɗe ba sa magana. Daga nan ba wanda ya ƙara kuskure.

Ba ita kaɗai take haka ba. Na san mata da dama a Gwange da Tsohuwar Maiduguri masu waya biyu, ɗaya ta duniya, ɗaya ta jira. A rumfata ina gane wayar jira, don mai ita ba ta yarda a kashe ta a lokacin caji, kuma ba ta tafiya ta bar ta. Dukanmu mun ɗauka cewa muddin sim yana cikin waya, waya tana kunne, sandunan sabis suna tsaye, to layi yana da rai. Ni da nake sayar da kati haka na ɗauka. Saƙonnin kamfani suna shigowa kullum da Turanci, na garaɓasa da na waƙoƙi da na gasa, har ma suna ƙara mana tabbacin cewa layin yana aiki. Ko akwai gargaɗi a cikinsu, ban gani ba, kuma ba zan rantse cewa babu ba.

Wata safiya Yaya ta zo ta miƙo mini wayar ta ce sandunan sun ɓace. Na ce sabis ne, zai dawo. Amma wayoyin da ke kan teburina masu layin kamfanin duk suna kamawa. Na cire sim ɗin na goge shi da gefen rigata, na sa a wata waya. Shiru. Ban nuna mata komai a fuska ba, na ce zan kai ofishinsu su duba.

Na bi dogon layi a ofishin har na kai gaban wata ma'aikaciya. Ba ta wulaƙanta ni ba, gara in faɗi gaskiya. Ta buga lambar a kwamfuta, ta ce an daɗe ba a yi amfani da layin ba, ba kira, ba karɓa, ba kati. Ta ce ƙa'ida ce, layin da ya kwanta na wani tsawon lokaci ana karɓe shi a sake fitar da lambar kasuwa, don mutane suna karɓar sim suna zubarwa, lambobi kuma ba sa isa. Na ce mata ai layin bai kwanta ba, dare da rana yana kunne a wuyan mai shi. Na ba ta labarin duka. Sai ta ce: "Malam, da ta riƙa sa masa ko katin da ya fi ƙanƙanta, ko wani ya riƙa kiran ta, da yana nan. Yanzu wani ya riga ya yi rajista da shi." Na tambaye ta wane ne. Ta ce doka ta hana ta faɗa.

A bakin ofishin na buga lambar da wayata. Ta shiga. Na daɗe ban ji abin da ya tsorata ni kamar ƙarar nan ba. Wata mata ta ɗauka da wani yare na kudu, ga hayaniyar kasuwa a bayanta. Na gwada ɗan Turancina, ta ce ba ta san ni ba, ta kashe.

Akwai wata mai sayen kati a wurina, 'yar kudancin Borno ce, Kirista, tana aikin akawu, gidanta a Wulari. Madam muke ce mata. Ita ma ta rasa ƙaninta a hanya, don haka ban sha wahalar bayani ba. Ta zauna a bencin rumfata ta kira matar, suka daɗe suna Turanci. Na ga fuskar Madam ta canja. Da ta gama ta ce mini matar 'yar kasuwa ce, a ƙarƙashin lema aka ba ta sim ɗin kyauta saboda wata garaɓasar data. Kuma matar ta ce ba da daɗewa ba bayan ta karɓa, wani mutum ya kira ta sau biyu a rana ɗaya. Muryarsa ƙasa ƙasa, yana magana da yaren da ba ta ji. Kalma ɗaya ta riƙe saboda ya yi ta maimaita ta: wushe. Ta ɗauka 'yan damfara ne ta kashe. Lambar da ya kira da ita ba ta adana ba, ta goge.

Wushe gaisuwarmu ce ta Kanuri, kowa a Borno yana faɗin ta. Zai iya zama wani ne ya yi kuskuren lamba. Zai iya zama wani abokin aikin mijin Yaya ne da saƙonta bai kai gare shi ba. Na sha lissafa waɗannan a raina. Amma duk danginmu na bi su na tambaya, ba wanda ya kira.

Madam ta roƙi matar, in ya sake kira ta riƙe lambar ta sanar da mu. Ta yi alkawari, har ta ce za ta sa mu a addu'a. Na riƙa tura mata ɗan kati lokaci lokaci don kada layin ya sake kwantawa. Bayan wasu watanni ta faɗa wa Madam cewa wani kamfani ya kawo tsari mai sauƙi a garinsu, 'ya'yanta sun sauya mata, amma za ta riƙa saka namu jefi jefi. Daga baya in na kira sai in ji wayar a kashe, a kashe. Yanzu in na kira, wani lokaci a ce lambar ba ta aiki, wani lokaci ta shiga ba a ɗauka. Ban san hannun da take ba.

Na yi kwanaki ina tunanin ko in ɓoye wa Yaya maganar kiran. Na tambayi wani malami a unguwarmu, ya ce haƙƙinta ne ta sani. Na faɗa mata a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar ta tambaye ni sau nawa ya kira. Na ce biyu. Ta ce: "To da na farko bai gane ba ne, ya ɗauka ni ce. Na biyun ya sake bugawa a hankali." Ba ta yi kuka a gabana ba. Washegari ta kawo ƙaramar wayar caji kamar yadda ta saba, da mataccen sim ɗin a ciki, kuma har yau tana kawowa. Nakan sa mata a soket ɗin da ya fi kyau. Sauran matan masu wayar jira kuwa na bi su na faɗa musu su riƙa sa kati, su sa wani ya riƙa kiran su a gurguje. Biyu daga cikinsu na tarar nasu ma ya riga ya tafi.

Abin da nake roƙo a wurin mai karatu shi ne wannan. Idan ka karɓi sabon sim a shekarun nan, a ko'ina kake a ƙasar nan, kuma wani mutum ya taɓa kiran ka da Kanuri ko Hausa yana neman matarsa a Gwange, ka daure ka duba ko lambar da ya kira da ita tana nan. In ya sake kira kada ka kashe, ka tambaye shi inda yake. Dogo ne, baƙi, yana da tabon ƙunar radiyeta a hannun dama, in har wani ya gan shi a sansani ko a wani wuri. Haka kuma in akwai wanda ya san hanyar da doka ta yarda a bi a gano mai riƙe da tsohuwar lamba, ko a dawo da ita ga mai ita ta farko, ya taimaka ya yi mini bayani da Hausa mai sauƙi. A bar saƙo a wurin waɗanda suka buga wannan rubutu, sun san inda rumfata take.