Ranar da Kawu Ya Kai Waƙarsa Gyara

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma yinin da na raka kawuna Bagwai da waƙarsa a aljihu, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Kawun nan yayan mahaifiyata ne, manomi a ƙauyenmu, inda gonaki suke manne da juna, sai layin gamba kaɗai ke nuna maka inda taka ta ƙare. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin fushi. Matarsa, wadda dukkanmu muke kira Inna, ta rasu ana tsakiyar damina bayan 'yar gajeriyar jinya. Ko a zaman makoki babu wanda ya ga hawayensa. Ana tashi daga sadakar uku ya saɓi fartanyarsa ya koma gona.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare. Wata rana da yamma ya same ni a zaure, ya daɗe yana tambayar lafiyar iyali, sannan ya zaro wasu takardu da ya cika da rubutun ajami. Ya ce waƙa ya yi wa marigayiya, yana so ya karanta wa 'ya'yansa idan sun taru bayan kaka, in duba masa. Na karanta har ƙarshe. Doguwa ce, amma ba komai a ciki sai abin da ake ji a kowace waƙar ta'aziyya: fitilar gida ta mutu, bango ya faɗi, mai haƙuri, mai biyayya. In na ce ta yi kyau na cuce shi. In kuma na faɗi gaskiya, na san halinsa, yana iya yayyaga ta ya sake rufe bakinsa har abada. Sai na ce masa akwai wanda ya fi ni, tsohon malamina da ya yi ritaya, wanda shi ma yake rubuta waƙa. Da ƙyar ya yarda.

Mun isa da hantsi, muka tarar da Malam a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa. Bayan gaisuwa Kawu ya miƙa masa takardun, sai ya ƙi karɓa. Ya ce waƙa da kunne ake jin ta, mai ita ya rera. Ban taɓa jin Kawu yana rera komai ba sai ran nan. Yana rerawa, Malam kuma ya lumshe ido yana buga yatsa a gwiwa. Da aka kai ƙarshe ya ce a maimaita daga farko.

Da yabo ya fara, kuma yabon ba na ladabi ba ne. Ya ce tun daga baitin farko har na ƙarshe amsa-amon bai zame ba, kuma ba kowa Allah yake ba wannan kunnen ba. Sannan ya zo kan wasu baitoci da nauyinsu ya yi yawa. Bai ce kuskure ne ba, sai dai ya sa Kawu ya yi ta rera su har shi da kansa ya ji inda harshensa ke tuntuɓe, ya cire kalmar da ta yi yawa. Na ga Kawu ya fara sakin jiki, har da ɗan murmushi. A raina na ce shi ke nan, mun tsira.

Sai Malam ya gyara zama ya ce, "Ɗan'uwa, ban taɓa ganin matarka ba. Na saurari waƙar nan ina so in san ta, amma har ka gama ban san ta ba. Matar da ke ciki tana iya zama matar kowa."

Fuskar Kawu ta sauya. Ya ninke takardunsa ya tura a aljihu, ya jawo takalmansa. Ya miƙe zai tafi. Amma Malam ko motsi bai yi ba, a hankali ya ƙara da cewa, "Sai a wuri ɗaya. Akwai inda ka ce rana ta take, ka tsaya kana sauraro. Me kake sauraro?"

Kawu ya tsaya da takalmi a hannu. Can sai ya koma ya zauna, ya fara magana yana kallon ƙasa. Ya ce duk zamansu Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan ta kawo masa fura gona, sai ta tsaya a bakin gamba ta yi gyaran murya, shi kuma ko yana can ƙarshen kunya sai ya ji. Ya ce har yanzu idan rana ta take yakan tsayar da fartanya ba tare da ya sani ba, yana jira. Bai ƙarasa ba muryarsa ta karye. Mutumin da bai yi kuka a bakin kabari ba, sai ga shi yana kuka kamar yaro a gaban baƙo. Malam bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya juyar da kansa wajen hanya ya bar shi har ya gama.

Sannan ya ce, "Abin da ka faɗa yanzu, duk duniya babu mai iya rubuta shi sai kai. Fitila da bango kowa yana da su. Koma ka rubuta mana wannan." Kawu ya roƙe shi ya sa masa hannu, ya ƙi. Ya ce in ya sa hannu, yaran za su ji muryar baƙo a inda suke jiran ta mahaifinsu.

Bayan an kai amfanin gona gida, 'ya'yan suka taru, ni ma ina wurin. Kawu ya zauna a tsakar gida bayan la'asar ya rera sabuwar waƙar. Ba ta kai rabin ta farko ba. Amma akwai gyaran muryar a ciki, akwai yadda Inna take ɓoye irin kuɓewa a tsohuwar tukunya kamar zinariya, da yadda idan ya yi faɗa ba ta tanka masa, sai dai ta ƙara masa yaji a miya. 'Ya'yansa mata suna dariya hawaye yana zuba. Babbarsu ta rufe fuska da mayafi ta ce wallahi Inna ce, kamar ta shigo.

Na karanta littattafai a kan nazarin waƙa, na kuma koyar da shi, amma a ƙofar gidan Malam na ga yadda ake yi. Da ina zaton mai gyara dole ya zaɓi ɗaya, ko ya yi ƙarya ya faranta rai, ko ya faɗi gaskiya ya ɓata. Ashe ana iya faɗin gaskiya duk ɗacinta, muddin ka saurara sosai har ka gano wurin da mutum ya yi magana da zuciyarsa, ka nuna masa, ka kuma bar shi ya ƙarasa da kansa. Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ya kawo mini waƙarsa, ba na buɗe baki sai na samo wannan wurin.