Sabuwa da Cokalin Jidda

A duk ƙauyukan Hausawa da ke bakin kogi, daga Wad Madani har Rusairis, ba a taɓa yin gwanar koya wa yara cin abinci da cokali kamar Sabuwa matar Mato ba. Yaro ɗaya ta koya wa a rayuwarta, kuma sai da aikin ya ci wata tara.

Kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka yada zango a nan don su ɗan huta, aka shekara casa'in ana hutawa. Ita kanta ba ta taɓa wuce Wad Madani ba, can ma asibiti ne ya kai ta. Ta tsinci auduga a gonar Mato har bayanta ya ranƙwafa, ta haifi shida, ta ciyar da su da hannunta, suka girma suna ci da nasu hannun, babu wanda ya taɓa kawo ƙara.

A shekarar 1998 autarta Raihana ta kawo mata ɗanta na fari, Mujtaba, yaye. Al'ada ce: a kai yaro gidan kaka ya manta da nono, bayan 'yan makonni a zo a ɗauke shi. Makonnin ba su cika ba sai Raihana ta bi mijinta Abdussalami Jidda, inda aka samo mata aikin ɗinki. Ita ce ta farko da ta ƙetare teku a duk zuriyarsu, saboda keken ɗinki. Aka ce yaron ya zauna tukuna har su kimtsa.

Sabuwa ba ta roƙi Allah ya gaggauta kimtsawar ba. Sau uku a rana take ɗora Mujtaba a cinya, ta gutsuro tuwon dawa, ta hura, ta ce, "Buɗe baki, maigida, ko in kai ma Mato." Yaron kuwa yana da kishi. Kafin ta rufe baki ya buɗe nasa.

Bayan wata huɗu Jibo, ƙanin Abdussalami, mai zirga-zirga tsakanin Jidda da gida, ya zo da ƙunshi. A ciki akwai kaset da wani ɗan cokali mai mariƙin roba shuɗi. Mato ya sa kaset a rikoda, muryar Raihana ta fito. Ba ta kama sunan ɗan fari ba, saboda kunya.

"Inna, takardun yaron ga sun hito. Amma matar da ke tsaron yara in mun tahi aiki, yara takwas gare ta, hannu biyu. Sai wanda ke ci da kansa take karɓa. Ki koya mishi da cokalin ga. Ranar da ya iya, kalas, shi ke nan, ku aiko, Jibo ya taho da shi. Kuma ki auna min tsawonsa da zare, in ɗinka mishi riga."

Sabuwa ta juya cokalin gaba da baya, ta ce kyakkyawa ne.

Ya kamata a sani cewa Sabuwa ba ta ƙarya. Duk ƙauyen sun shaide ta. Abin da take yi shi ne shirya gaskiya tun da wuri, yadda in an zo faɗa ba sai an sake ta ba. Saboda haka ta fara darasi washegari, da miyar busasshiyar kuɓewa, wadda ta kaɗa har sai da yauƙinta ya kai kamu guda. Miya ce da ko limami aka miƙa wa cokali, rigarsa ce za ta ƙoshi. Mujtaba ya tsoma, ya ɗaga, miyar ta biyo cokalin rabin hanya, sannan ta koma kwano kamar ta yi mantuwa. Ya sake, ta sake. A karo na biyar ya fashe da kuka. Sabuwa ta wanke cokalin, ta naɗe a ƙyalle, ta adana a cikin kwalla, ta ɗora maigida a cinya.

Haka aka yi ta yi. Duk zuwan Jibo sai ta zauna gaban rikoda ta ba da rahoto: "Wallahi, ɗiyata, kullum muna hwama. Jiya ma ya gwada, duk a riga ya ƙare." Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Sai ta tsayar da yaron jikin bango, ta yanke zare daidai tsawonsa, a haɗa da kaset. Kowane zare ya ɗara na baya.

Mato ne kaɗai ya yi ƙorafi.

"Ke Sabuwa, wai babu wata miya a duniya? Kuɓewa, kuɓewa, har carbi ya fara zame min a hannu."

"In ka gaji ka tahi kasuwa ka ci wake. Darasi muke."

"Wanga darasi ko a jami'ar Madani ne ai da an ba shi takarda."

A ƙarshen damina zazzaɓin sauro ya kwantar da ita kwana huɗu a gadon igiya, ƙarƙashin rumfa. Maƙwabta suka riƙa aiko da shinkafa da madara, mai kauri, irin wadda ke manne wa duk abin da ta taɓa. Mato bai taɓa ba yaro abinci a baki ba, kuma bai ga dalilin farawa a shekara saba'in ba. Ya buɗe kwalla, ya miƙa wa Mujtaba cokalinsa, ya dire masa kwano, ya koma wajen rediyonsa.

A rana ta biyar da hantsi Sabuwa ta buɗe ido. Yaron yana zaune a tabarma, kwano tsakanin ƙafafu, ya damƙe cokalin kamar mai riƙe fartanya. Yana ɗiba yana kaiwa, fiye da rabi yana isa. Da ya ga ta farka sai ya ciko cokalin, ya tako a hankali, ya hura, ya kira ta yadda yaran nan ke kiran kaka, ya ce, "Buɗe baki, Habboba, ko in kai ma Mato."

Ta buɗe. Ko ƙwaya ɗaya bai zubar ba.

"Ni ban koya mishi komi ba," in ji Mato, tun ba a tambaye shi ba. "Aje mishi na yi, na ƙyale shi."

Aka kwana uku. Jibo yana gari, saura kwana biyu ya koma. Ta tsayar da yaron jikin bango ta yanke zare, ta daɗe tana kallonsa a tafin hannu: abin da Raihana ta mallaka na ɗanta ke nan, zare biyar a ɗakin haya. Ta ce wa Mato ya danna jan maɓallin rikoda.

"Ɗiyata, ya iya."

Kaset ɗin na minti sittin ne. Sauran duk carar zakara ce da tarin Mato.

A mako shidan da suka rage kafin Jibo ya dawo, sai ga malamar gaske ta bayyana. Kuɓewa ta ɓace daga gidan. Ta samo kwano mai nauyi wanda ba ya gudu, ta riƙa zuba kaɗan kaɗan, ta daina goge masa baki sai ya gama. Ta aro cokali a maƙwabta ta zauna gabansa tana ci da shi, karo na farko a rayuwarta, don ya ga inda ake ɗora babban yatsa. Ta ce ba za a ce jikan Sabuwa ya yi ɓari a gaban Larabawa ba.

Ran tafiya ta soke cokalin a aljihun rigarsa da allura mai maƙulli, ta raka su shi da Jibo bakin titi, motar Madani ta ɗauke su. Bayan nan an daɗe ana ganinta tana hura lomar farko, ta riƙe ta a iska ɗan lokaci, sannan ta kai bakinta.

Da ƙaramar salla Jibo ya kawo hoto. Mujtaba ne a gidan matar da ke tsaron yara, sanye da riga daidai tsawonsa, yana dariya, shinkafa har gwiwar hannu. Idon Sabuwa ya yi rauni, sai ta miƙa wa Mato ya ƙirga mata. Yara tara, faranti ɗaya, babu cokali ko ɗaya.