Makullin Maktaba

Nazir, wato shugaban makarantarmu, ya kira ni ɓarawon littafi a gaban yara duka, ya yi mini bulala goma, ya ce kada in ƙara kusantar kabad ɗin littattafai. Ina aji huɗu. Ban ƙarasa shekarar ba, na koma tsinkar auduga a gonar babana.

Abin da ya faru kuwa, littafin hikaya na ara, sai falle ɗaya ya zare daga ɗinki ya faɗi, da bisimilla a samansa. Mu a makarantar allo an koya mana takarda mai sunan Allah ba ta kwana a ƙasa, ɗauka ake a cusa a tsagar bangon masallaci. Haka na yi, har ina lissafin lada. Da nazir ya ga littafin da giɓi na so in yi bayani, amma da Larabci ake magana a makarantar, Larabcina bai kai ba, shi kuma bai jira ba.

Yau ni ne maigadin wannan makarantar. Kamar shekaran jiya ake ce mana yara, yau ga ni da furfura. Bara wata ustaza, ɗiyar maƙwabcinmu, ta kwaso littattafai daga birnin Sennar cikin kwali, ta share ɗakin da ake zuba karyayyun benci, ta ce maktaba ce, wato ɗakin karatu. Ta taga nake leƙen yadda take koya wa 'yan aji ɗaya. A wanke hannu a bakin tulu tukun. In ka zaro littafi ka soka tsinken kaba a gurbinsa, don ka gane inda za ka mayar. Jan zare a ƙeyar littafi hikaya ne, kore na addini. Fallen da ya fita a sa shi cikin gwangwanin da ke kan tebur, ba duka, ba tambaya.

Wata rana ta kama ni ina leƙe. Ammi take ce mini, wato baffa da Larabci.

"Ammi, tsayuwar nan, gadin littattafan kake ko tsoronsu kake ji?"

"An hana ni shiga, Ustaza."

"Wa ya hana?"

"Wani da ya girmi ubanki."

Na ba ta labarin a tsaye. Ta ce, "To, hukuncin ya isa haka, ko kisan kai ka yi ai da an sake ka. Wanke hannu."

Tun daga ranar ni ke liƙe fallayen da ƙaro. Ta zauna ta nuna mini yadda ake bin lambar shafi, ba ta taɓa yi mini dariya ba ko da na liƙa a juye. Yanzu yara in sun kawo falle ni nake nuna musu. Daga baya ta danƙa mini makulli. Allah ya saka wa yarinyar nan, ya jiƙan mahaifinta.

Bayan sallar layya aka gayyato tsofaffin malamai su ga ɗakin. Har da nazir ɗin nan, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya miƙo mini hannu bai gane ni ba. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na tsaya a ƙofa na ce masa da Larabcin da yanzu ya ishe ni:

"Ustaz, ni ne ka daka a aji huɗu kan falle ɗaya. Ban sata ba, masallaci na kai shi. Ka raba ni da karatu a banza. Ga tulu can, wanke hannunka ka shigo."